Makaɗin Kaka na Jaridar Lahadi

Makon jiya wata maƙwabciyata da za ta tashi daga unguwa ta kawo min kofunan shayi, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ina warware na farko warin takardar ya bugi hancina, warin tawada da ya kwana biyu a cikin kwali. Na daɗe tsaye a kicin da kofin a hannu. Rabon da in taɓa jarida ta takarda har na manta, amma warin nan bai yi min wata-wata ba, ya mayar da ni garin Greenbelt, nan Amurka, hawa na biyu, shekarar da Kaka ta zauna da mu.

Bari in gaya muku yadda gidan yake. Ɗaki biyu ne da falo, a cikin jerin benayen jan bulo da bishiyoyi suka kewaye. Idan aka buɗe taga ana jin motocin babban titi daga nesa, kamar ruwan sama da bai iso ba. Baba likita ne, kullum da safe yakan taka zuwa tasha ya hau jirgi zuwa cikin Washington. Mama tana karatun aikin jinya. Ina shekara tara aka haifi ƙanena, shi ne Kaka, mahaifiyar Baba, ta taso daga garinsu can wajen Zariya don ta riƙe jaririn. Ta sauka lokacin da ganye ya yi ja yana zuba, ta dubi bishiyoyin ta tambaya ko wuta ce ta bi ta kansu.

Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, carbinta kullum a wuyan hannu. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika kallonsa ido da ido ba. In tana da magana da shi, Mama take gaya wa, ko da yana zaune a wajen: a ce wa Likita ƙafata ta yi sauƙi. Ni kuwa ɗakinmu ɗaya da ita. Ina jin Hausa amma da Turanci nake amsawa, kamar sauran yaran da suka tashi a nan. Kaka ba ta taɓa yi min faɗa a kan haka ba. Zuba min ido kawai take yi har sai na nemo maganar da Hausa, ko da a karkace.

Ran Lahadi Baba yakan sayo jarida, ƙatuwa mai nauyi, sai a rabe ta. Shi ya ɗauki labarai, Mama ta ɗauki shafukan tallan kaya, ni a bar min shafukan zanen barkwanci masu launi. Wata Lahadi Kaka ta ja ɗaya daga cikin nawa ta shimfiɗa a ƙasa za ta yanka kuɓewa a kai. Ta ɗaga wuƙa ke nan sai ta tsaya. Ta ajiye wuƙar, ta ture kuɓewar gefe, ta kawo takardar kusa da idonta.

Zanen wani ɗan yaro ne zaune a ƙasa, ya duƙufa a kan wani ɗan mitsitsin fiyano da bai fi akushi girma ba. Wasu yara suna gefensa suna ta magana, shi ko kansa bai ɗaga ba. Na matso da sauri zan fassara mata abin da yaran ke faɗa, don a ganina nan dariyar take. Ta ɗaga min hannu.

"Bar min surutunsu. Dubi gadon bayansa. Wanda ya zana wannan ya taɓa zama kusa da mai kiɗa na gaske."

Ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Yaro ba ya tambayar irin wannan. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tsohuwar da ko talabijin ba ta kallo, wadda take juya baya in an nuno masu rawa, ita ce ta aike ni in ɗauko almakashin Mama, ta yanke yaron nan a tsanake, ta sa shi a cikin gwangwanin alewar da take ajiye allura da zare.

Daga ranar kowace Lahadi sai ta jira shafin. Ba kullum yaron yake fitowa ba, don zanen na yara da yawa ne, shi ɗaya ne daga cikinsu. Ranar da babu shi sai ta ce yau makaɗina bai fito ba, ta miƙo min takardar kamar wadda aka ba tuwo babu miya. Ranar da ya fito kuwa har shayinta yakan huce. Ta lura da abubuwan da ni mai karanta rubutun ban gani ba: cewa in aka dame shi kafaɗarsa ce take fara nunawa kafin fuskarsa, cewa bai taɓa kallon hannunsa ba, cewa abin kiɗan ƙarami ne amma bai raina shi ba. Na fara aro mata littattafan zanen daga laburaren makaranta, tana juya shafi da yatsa mai yawu tana wuce kowa har ta kai kansa. Ranar da matar laburaren ta gaya min mai zanen ya riga ya rasu, tsofaffin ne jarida ke sake bugawa, na kawo wa Kaka labari. Ta yi salati, sannan ta ce ashe maraya ne.

Mama abin dariya ya zame mata, har takan ba ƙawayenta labari a waya cewa surukarta ta yi saurayi a jarida. Baba kuwa ba ya dariya. Sau ɗaya na ji ya ce, Inna, ai wannan na yara ne. Ita kuwa ta ci gaba da yankanta.

Cikin tsakiyar sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ta hana ta ko leƙa baranda, ta tambaye ni yadda ƙarar abin kiɗan yaron take. Ashe duk wannan ƙauna da take yi wa yaron, ba ta taɓa jin fiyano da kunnenta ta san shi ne ba. Na yi ƙoƙarin kwatanta mata da baki, ta ce wannan ai kukan kyanwa ne. A makaranta muna da malamar kiɗa, wata dattijuwa mai fara'a, na gaya mata labarin kakata. Ran Juma'a sai ta ba ni aron ƙaramin fiyano mai batir, ta ce in dawo da shi Litinin. Ta haɗa min da takarda, ta ce tana koyar da wasu yara bayan an tashi, in iyayena sun sa hannu zan iya shiga.

Da na dawo gida Mama tana makaranta, Baba yana asibiti, ƙanena yana barci. Na ajiye abin a kan darduma na danna mata 'yar waƙar da na iya da yatsa ɗaya. Kaka ta saurara da kai a sunkuye. Ta sa yatsa ta taɓa can ɓangaren da ƙarar take siririya, ta yatsine fuska. Ta gangaro ɓangaren da take da kauri, ta taɓa ɗaya, ta taɓa wani, ta sake komawa na farkon. Sai ta tuɓe carbinta ta ajiye a gefe, ta gyara zama, ta tankwashe ƙafa.

Abin da ya biyo baya har yau ban iya ba da labarinsa yadda ya kamata ba. Wuri uku kawai take bugawa, amma hannun dama yana tafiyarsa daban, na hagu yana tasa daban, suna rabuwa suna gamuwa, har na ji ƙafata tana motsi ba da izinina ba. Kanta ya yi ƙasa, bayanta ya lanƙwashe. Na kira ta sau biyu ba ta ji ba. Tsoro ya kama ni, don matar da ke gabana ban san ta ba. Kukan ƙanena ne ya dawo da ita. Ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi, ta ɗauki carbinta, ta ce in mayar da abin cikin jaka kafin mutanen gida su dawo.

Washegari Asabar, bayan mun ci abincin rana, na kawo wa Baba takardar da biro. Yana kan kujera, Mama tana kwashe kwanuka, Kaka tana kan tabarmarta da ƙanena a cinya. Baba ya karanta, ya ninke takardar, ya miƙo min. Ya ce in son ƙarin karatu nake yi akwai lissafi, akwai kimiyya. Na fara yi masa magiya da Turanci, shi kuwa ya amsa da Hausa, abin da yake yi in ya gama magana. Ya ce mu ba gidan makaɗa ba ne, mu gidan malamai ne, kada in sake kawo masa wannan zance.

Na juya zan tafi ɗaki in yi kukana, sai na ji muryar Kaka. Ba Baba take kallo ba. Ta ɗaga jaririn ta tsayar da shi a kan gwiwarta, da shi take magana.

"Angona, tambayar min ubanka. Malamin da yake faɗa, kakanka, ubanka yana ɗan shekara huɗu aka binne shi. Daga nan wa ya riƙe ubanka? Allo ne ya kai shi makaranta, ko ƙwarya?"

Mama ta tsaya da kwano a hannu. Baba ya ce, Inna, a hankali, kamar mai roƙo. Ba ta tsaya ba. Da murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukewa, ta ci gaba da gaya wa jariri ɗan wata biyar tarihin gidansu. Ta ce uwarta makaɗiyar ƙwarya ce, kakarta ma haka. Da mijinta ya rasu ta koma sana'ar gidansu, shekara ashirin da wani abu babu bikin da ake yi a ƙasarsu ba a aiko mata da goro ba. Tana da mata shida masu yi mata amshi. Ta ce da ɗanta ya zama likita ya ga 'yar manyan mutane a Kano yana so, sai ya zo ya durƙusa a gabanta yana kuka, ya ce in dangin yarinyar suka ji sana'ar uwarsa ba za su ba shi ba. Ta sallami matan nan shida, ta rabar da ƙoren, aka ce wa mutanen Kano atamfa take sayarwa. Ta ce ba ta yi da-na-sani ba, ɗa ya fi ƙwarya. Amma ba za ta zauna a kan tabarma a ce a gabanta gidan nan babu makaɗi ba.

Na kalli Baba. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Mama ta ajiye kwanon a kan tebur a hankali. Ta tambaye shi ko gaskiya ne, ya gyaɗa kai. Ta ce shekara goma sha ɗaya suna kwana suna tashi, ta haifa masa biyu, ashe bai yarda da ita ba ko na rana ɗaya. Ta ce ba sana'ar ce ta ƙona mata rai ba, ganin da ya yi mata ne, na macen da za ta guje shi don uwarsa ta yi kiɗa. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Kwana uku gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Kowa yana gaida kowa, ba wanda yake magana da kowa. Ni na ɗauka laifina ne, na mayar wa malamar kayanta na ce ba a yarda ba. A rana ta huɗu da hantsi, makaranta a rufe saboda ƙanƙara, Mama ta kankare katin waya ta kira mahaifiyarta a Kano. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin komai, don Hajiya in tana waya har maƙwabta suna ji. Mama ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa. Sai na ji Hajiya ta yi dariya.

Ta ce ai sun sani. Tun kafin a kawo kayan gaisuwa suka sani. Wa zai ba da 'yarsa bai aika an bincika ba? Ta ce ita da kanta ta taɓa zama a gaban matar nan a wani biki a Zariya tun tana amarya, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Da aka zo da zancen atamfa, mahaifin Mama ya ce yaron kunya yake ji, a rufa masa asiri, kada wanda ya tayar da maganar. Hajiya ta ce ita dai abin da ya ba ta haushi, ta so a ce surukar ta yi kiɗa a bikin, sai aka ce ta daina.

Mama ta kashe wayar ta zauna a bakin gado, hannunta a kan baki. Ita ce ta je ta gaya wa Kaka, a durƙushe. Ina kallon fuskar Kaka lokacin da ta gane cewa abin da ta binne shekara goma sha ɗaya, ta rabu da ƙawayenta a kansa, ta riƙa toshe kunne in ana biki a unguwa, ba wanda ya nemi ta binne shi sai tsoron ɗanta. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da yamma da Baba ya dawo, Mama ta gaya masa a kicin. Na ji ƙarar kujera da ya jawo ya zauna.

Asabar ta gaba ya fita da mota bai ce ina za shi ba. Ya dawo da ƙwarya biyu daga wani kantin kayan Afirka a Hyattsville, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinmu, tare da takardata da ya sa wa hannu. Kaka ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce wa Mama a gaya wa Likita wannan ta ado ce, ta rataya a bango. Ta ƙwanƙwasa ta biyun ta ce wannan da dama-dama. Amma ba ta taɓa ta ba sai da sanyi ya wuce, bishiyoyi suka fara fure.

Wata Lahadi da la'asar ta sa na cika babbar robar wanki da ruwa na kawo falo. Ta kife ƙwaryar a kan ruwan, ta karɓi cokulan katako biyu daga hannun Mama. Ƙarar da ta fito mai zurfi ce, a ciki ake jin ta kafin a kunne. Ta fara waƙa da wata murya mai kaifi da ban san tana da ita ba. Ta kai inda ya kamata a amsa mata, ba wanda ya san amshin, ta bar gurbin a buɗe ta wuce. Ta sake zagayowa, gurbin ya sake zuwa. A karo na uku sai aka amsa daga lungun da ke zuwa ɗakuna. Baba ne, tsaye da tawul a kafaɗa, idonsa a rufe. Bai ɓata kalma ɗaya ba. Ashe tun yana ƙarami a gefen zanenta yake zama a gidajen biki, duk waƙoƙin suna cikinsa.

Ba su fi minti goma ba. Hannun Kaka ya fara kuskure, ta sake gwadawa, ya sake kuskurewa. Ta ajiye cokulan ta ce hannun ya tafi. A ranar ne, sau ɗaya tak a rayuwata, na ji ta dubi Baba ta yi masa magana kai tsaye. Ta ce, ashe ba ka manta ba.

Ta koma gida da damina ta kama, da gwangwaninta a cikin jaka. Ni na yi shekara huɗu ina koyon fiyano, ban zama komai ba, malamar ma ta san hannuna ba irin na Kaka ba ne. Ina jami'a aka kira mu aka ce ta rasu. Baba ya tafi, ya dawo ya ce biyu daga cikin matan nan shida suna raye, sun zo gaisuwa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Yanzu abubuwa sun juya. A tarukanmu na nan, iyaye suna alfahari ɗansu yana kiɗa a makaranta, ana ɗauka a waya ana tura wa dangi. Ranar nuna al'ada har ƙwarya ake kawowa, 'yan mata su yi ta bugu ba kan gado, manya suna tafi. Ina kallo ina jin daɗi, wani lokacin kuma zuciyata ta yi nauyi, don mun zauna ɗaki ɗaya da gwanar gaske, akwai na'urar ɗaukar hoto a cikin kabad, ba wanda ya tuna da ita.

Baba ya yi ritaya, suna Springfield shi da Mama. Ba ya son zancen, ni ma ba na takura masa. Amma bara 'yata ta zo da aikin makaranta, an ce kowa ya rubuta sana'ar kakanninsa. Ta zauna a gabansa da fensir tana tambaya da Turanci. Ya gaya mata mahaifinsa malami ne, ta rubuta. Ta tambaye shi sana'ar mahaifiyarsa. Sai ya ce ta rubuta makaɗiya. Yarinya ta ce ba ta san yadda ake rubuta shi ba, ta tambaya ko akwai shi da Turanci. Ya karɓi fensirin daga hannunta, ya ce a'a, haka za a sa shi, ya rubuta mata da kansa.